Ina Jan Manja Ya Tafi?

Mai iri biyu ake girkewa gefe da gefe a rumfunan kasuwanninmu, daga Yamai zuwa Damagaram, daga Kumasi zuwa Garwa. Ɗaya ja ne jawur, mai kauri, da hunturu ya shigo sai ya daskare a kwalba. Shi muke kira manja. Ɗayan kuwa garai-garai yake a cikin jarka, jama'a na ce masa man gyaɗa ko da babu ƙwayar gyaɗa ɗaya a cikinsa. Mafi yawan wannan farin man da ake shigowa da shi ta tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome da Tema, uwarsu ɗaya da manja: dukansu daga ƴaƴan kwakwar manja aka tatso su. Wanke shi kawai aka yi a masana'anta har jan ya fita. Wannan wanki yana da tarihi na kusan shekara ɗari biyu, kuma a cikinsa akwai bayi, akwai sarakuna, akwai ɓeraye, akwai idanun yara.

Jan da ke cikin manja sunansa karotin, kuma yana da dangi da yawa, waɗanda masana suka ƙirga sama da ɗari shida. Su ne ke ba karas da kabewa da gwanda da nunannen mangwaro launinsu. Tsirrai ne ke ƙera su; dabba sai dai ta ci ta tara. Shi ya sa gwaiduwar ƙwan kazar da ke kiwo a tsakar gida ta fi ta kazar keji ja in ba a ƙara wa abincin ta kejin komai ba, shi ya sa kuma man shanun damina ya fi na rani rawaya, don saniya ta ƙoshi da ɗanyar ciyawa. Ganyen zogale da alayyahu ma cike suke da shi, kore ne kawai ya danne shi, sai ganye ya tsufa koren ya gudu sannan rawayar ta bayyana. Amma ba kowane ja ne ɗan wannan gida ba. Jan zoɓo daban yake, haka na lalle. Na tumatir ɗan gidan ne, sai dai ba ya yi wa jiki aikin da na manja yake yi. A cikin abubuwan da mutane ke ci kullum, da wuya a sami wanda ya kai ɗanyen manja: kowane kilo na ɗauke da miligiram 500 zuwa 700 na karotin da danginsa.

Kwakwar manja ƴar Afirka ce. Gidanta shi ne kurmin da ya miƙe daga Senegal har Angola, inda ruwan sama ke sauka mafi yawan watannin shekara. Shi ya sa mu mutanen sahel sai dai mu saye ta daga kudu, kamar yadda muke sayen goro. Maza ke hawa su saro nonon, mata su dafa ƴaƴan, su kirɓa a turmi ko su tattake a rami, su zuba ruwa, su yaɗe man da ya taso sama. Ƙwallon ciki kuma a fasa shi a fitar da wani mai daban, alayyadi, wanda ba shi da wannan ja ko kaɗan. Wani matafiyi ɗan birnin Banis, Cadamosto, da ya zo gaɓar Senegal a 1455, ya ba da labarin wani mai da mutanen wurin ke sa wa abinci yana rina shi kamar za'afaran, masana tarihi kuma suna ɗauka manja yake nufi.

Farkon fitar manja daga Afirka ba abin alfahari ba ne. Jiragen fataucin bayi ne suka fara lodinsa, suna zuba shi a faten da ake ɗura wa waɗanda aka ɗaure a cikin jirgi, in an kusa isa kasuwa kuma a shafe jikinsu da shi don fata ta yi sheƙi, tabon bulala da na ciwo su ɓuya. Ta wannan hanya ya ƙetara zuwa Barazil. Har gobe a jihar Bahiya, inda aka kai Yarabawa da Hausawa da yawa, mata na soya ƙosai a cikin manja a bakin titi, sunan ƙosan ma daga akara na Yarabanci ya samo asali.

Da Ingila ta haramta wa ƴan ƙasarta cinikin bayi a 1807, ƴan kasuwar Libaful suna da jirage, sun san hanya, sun san dillalai a Bonny da Kalaba, haja ce kawai babu. Sai manja ya maye gurbi, kuma ya zo a kan gaɓa, don masana'antun Ingila na ƙishirwar maiƙo. Wajen 1810 abin da ke shiga Ingila bai wuce tan dubu ɗaya a shekara ba. Zuwa 1830 ya kai wajen tan dubu goma, a shekarun 1850 kuma ya haura tan dubu talatin. Rafukan da Kwara ke bi ta faɗa teku har suna suka samu a bakin Turawa: kogunan mai. Wannan tun kafin kowa ya yi mafarkin man fetur a wurin.

Turawa sun kira wannan sabon ciniki halastacce, amma halascin a bakin teku ya tsaya. Tatsar mai da dakonsa zuwa gaɓa aiki ne mai cin mutane, don haka bayin da a da ake turawa ƙetare sai aka riƙa tsare su a gida suna wannan aiki. Sarki Gezo na Dahome, wanda ya yi mulki daga 1818 zuwa 1858, ya hana saran itacen kwakwa, ya sa wa man haraji, manyan fadarsa kuma suka buɗe gandaye da bayi ke nomawa. A can gabas, Jaja, wanda shi kansa sayo shi aka yi yana yaro, ya kafa garin Opobo wajen 1870, ya kame hanyoyin da mai ke bi daga cikin ƙasa, har ya fara aika kayansa kai tsaye zuwa Libaful ba tare da bi ta hannun kamfanonin Turawa ba. Wannan ne laifinsa. A 1887 ƙaramin jakadan Ingila, Harry Johnston, ya gayyace shi tattaunawa a cikin jirgin ruwa, aka tafi da shi, aka kai shi tsibiran Karebiyan. Ya rasu a 1891 a hanyarsa ta komawa gida.

Duk wannan mai da ake ta rigima a kansa, ba ci Turawa ke yi ba. Kyandir suke yi da shi, da sabulu, suna shafa wa gatarin taragon jirgin ƙasa, a yankin Wales kuma suna tsoma fallayen ƙarfe a cikinsa wajen yin kwanon gwangwani. A duk waɗannan sana'o'i ja ba shi da amfani, a wasu ma aibi ne. Wace Baturiya ce za ta wanke farar rigar mijinta da jan sabulu? Don haka aka duƙufa neman hanyar kashe launin: a dafa man da zafi, a hura masa iska, a zuba masa sinadarai, daga baya aka koma tace shi da wata irin laka mai shanye launi. A littattafan masu sabulu na wancan zamani, karotin yana layi ɗaya da datti da ruwa da ɗoyi, abubuwan da ake rage wa kaya daraja saboda su.

Wanda ya fi kowa cin ribar wannan shi ne William Lever, mai sabulun Sunlight, wanda ya fito da shi a tsakiyar shekarun 1880. Ya nemi gwamnatin mulkin mallaka ta Ingila ta ba shi filaye a Afirka ta Yamma ya dasa kwakwa, aka hana shi, sai ya juya ga Beljiyam. A 1911 aka ba kamfaninsa damar mallakar fili har hekta 750,000 a Kwango. Mutanen yankin aka tilasta wa hawan itace suna cika adadin da aka yanka musu, a 1931 kuma, lokacin da ƴan ƙabilar Pende suka yi bore, sojoji suka kashe ɗaruruwansu. Lever ɗin nan ne ya sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga baya ya shiga cikin UAC a 1929, kamfanin da kakanninmu suka sayar wa gyaɗa da fatu. Ba a daɗe ba kamfanin Lever ya haɗe da masu yin majarin na Holan, aka haifi Unilever. Haɗewar ba ta zo da mamaki ba, don a lokacin an riga an ƙware wajen tace mai har ya rasa launi da ƙamshi da ɗanɗano, ya zama abin da za a iya ci a Turai ba tare da an san daga ina ya fito ba.

Akwai wani labari da ake yawan ji a majalisu, wai mutanen Malesiya sun zo Najeriya bayan samun ƴanci sun ɗebi irin kwakwa, ga shi yanzu sun wuce mu. Labarin na da daɗin faɗi, sai dai itacen ya riga wannan lokaci isa Asiya da fiye da shekara ɗari. A 1848 aka dasa ƙananan itatuwa huɗu a lambun Bogor da ke tsibirin Jaba, ƙarƙashin mulkin Holan. Gandun kasuwanci na farko ya tashi a Sumatara a 1911, na Malaya kuma a 1917. An yi musayar iri tsakanin cibiyoyin bincike daga baya, amma tushen can ne. Yau Indunusiya da Malesiya ke fitar da sama da kashi 80 cikin ɗari na man kwakwa na duniya, kuma kusan dukansa a wanke yake isa hannun mai ci.

A daidai shekarun da masu sabulu ke fama da yadda za su kawar da jan, wasu mutane a ɗakunan bincike suna ƙoƙarin sanin mene ne shi, kuma ɓangarorin biyu ba su san da juna ba. A 1831 wani Bajamushe masanin magunguna, Wackenroder, ya ciro wasu jajayen ƙwayoyi daga karas, ya raɗa musu suna daga sunan karas ɗin. Aka ajiye maganar a matsayin abin sha'awa kawai. A 1906 wani masanin tsirrai ɗan Rasha, Mikhail Tswett, ya bayyana wata dabara: ya cika bututun gilashi da garin alli, ya zuba ruwan ganye daga sama, sai launukan suka rabu hawa-hawa, kore a nan, rawaya a can. Shi ne a 1911 ya haɗa masu rawaya da ja ya ba su sunan dangi ɗaya. Abin dariya, sunansa a Rashanci ma'anarsa launi.

Sai aka shiga zamanin ɓeraye. A 1913 McCollum da Marguerite Davis a jami'ar Wisconsin ta Amurka suka lura ɓeran da ake ba man alade ko man zaitun yana daina girma, amma in an ba shi man shanu ko gwaiduwa sai ya miƙe. Akwai wani abu a cikin waɗannan da babu a waɗancan. Shi ne aka kira bitamin A daga baya. Ba a jima ba aka ga abin a jikin mutane. Lokacin yaƙin duniya na farko, Denmak na sayar da man shanunta waje saboda tsada, ƴaƴan talakawa kuma ana ba su madarar da aka yaɗe da majarin. Wani likitan yara, Carl Bloch, ya riƙa karɓar jarirai idanunsu sun bushe, wasu sun tsiyaye. A ƙarshen 1917 gwamnati ta karɓe rabon man shanu ta yadda kowane gida zai samu, cutar kuma ta kusan ɓacewa.

A 1919 Harry Steenbock, shi ma a Wisconsin, ya gwada ɓeraye da masara iri biyu. Masu cin rawaya suka yi ɓul-ɓul, masu cin fara suka lalace. Ya ce lallai akwai alaƙa tsakanin launin da bitamin ɗin. Abokan aikinsa da yawa ba su yarda ba, kuma suna da hujja: hanta cike take da bitamin A, amma in an tace shi daga cikinta ba ja ba ne. Yaya abu ɗaya zai zama mai launi a masara, marar launi a hanta? Shekara goma ana wannan ja-in-ja, har Thomas Moore na jami'ar Kambirij ya raba gardama. Ya hana ɓeraye bitamin A har na jikinsu ya ƙare, ya ba su tsantsar karotin, da ya duba hantarsu sai ya tarar da bitamin ɗin ya taru. Ashe jiki ne ke juya wannan ya zama wancan. Ya buga sakamakon a 1930, kuma cikin abubuwan da ya ciro karotin daga gare su har da manja. Paul Karrer na Zurik ya zana siffar ƙwayar: doguwar sarƙa mai kabon 40, gefe biyu iri ɗaya, in an tsinka ta a tsakiya kowane rabi ya zama bitamin A. Ya sami kyautar Nobel a 1937. George Wald kuma ya gano bitamin ɗin a cikin tantanin bayan ido, inda ake buƙatarsa don gani a duhu.

Nan ne labarin ya iso ƙofar gidanmu, don wannan ciwo muna da sunansa tun kafin a haifi Wald: dundumi. Yaro ko mace mai ciki su wuni lafiya ƙalau, da magariba ta yi sai lalube, a yi tuntuɓe da turmi, a kasa gane ƙwaryar tuwo. Yakan tsananta a ƙarshen rani, lokacin da ɗanyen ganye ya yanke, shanu suka ƙafe. Magani ma an san shi tun zamanin Misirawan dauri, wato hanta. Abin da ba a sani ba shi ne dundumi ɗan aike ne kawai. Bayansa farin ido ke bushewa, sannan baƙin ya yi gyambo, kuma in ƙyanda ta tarar da yaro a wannan hali, cikin ƴan kwanaki ido ke tafiya, sau da yawa har da rai.

Mutum zai zaci da an gano haka sai daraja ta dawo wa jan manja. A Amurka akasin haka aka yi, ta wata hanya mai ban dariya. Masu kiwon shanu sun sa an kafa doka a 1902 cewa duk majarin da aka rina rawaya don ya yi kama da man shanu zai biya harajin santi goma a kowace laba. Masu majarin suka gano in sun zuba man kwakwa wanda ba a gama wankewa ba, rawaya za ta fito ba tare da rini ba, dokar kuma ba ta kama su ba. A 1931 majalisa ta toshe wannan kafa, ta ce ko launin na halitta ne sai an biya. Wato shekara ɗaya bayan Moore ya nuna amfanin karotin, aka sa masa tara. Ba a soke harajin ba sai 1950.

Likitocin mulkin mallaka sun san abin da ke hannunsu. A 1937 Aykroyd da Wright suka ba da rahoton yi wa yara masu ciwon ido magani da manja a Indiya, ya kuma yi aiki. Sai dai babu kamfanin da zai yi arziki da cewa mutane su ci abin da suke ci tun asali. A 1947 masana a kamfanin Roche na Suwizalan suka haɗa bitamin A a masana'anta, daga nan hankali ya koma kan ƙwaya da kwalba. Ban ga laifin wannan ba gaba ɗaya. Ƙwaya ba ta lalacewa da wuri, an san adadin da ke cikinta, kuma tana isa inda manja ba ya isa ko ya fi ƙarfin aljihu. Binciken Alfred Sommer a yankin Aceh na Indunusiya, wanda ya fito a 1986, ya nuna ba yara babban kaso na bitamin A duk wata shida ya rage mutuwarsu da wajen kashi ɗaya cikin uku. Nijar na cikin ƙasashen farko da suka ɗauki wannan da gaske: a 1997 ta haɗa rabon bitamin A da ranakun rigakafin shan inna, wasu ƙasashe suka bi sahu. Duk uwar da ta taɓa miƙa ɗanta aka yanke bakin ƴar ƙwayar nan aka matsa masa a baki ta san abin da ake nufi, shuɗiya ga jarirai, ja ga waɗanda suka shekara. A Burkina Faso kuma, a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, an gwada kai manja daga kudancin ƙasar zuwa yankunan da ba su saba da shi ba, ana zuba wa mata da yara da ƴan makaranta a abinci, aka ga ƙarancin bitamin ɗin ya ragu a jininsu.

Amma dubi zagayen da abin ya yi. A matata ana tace ɗanyen man da laka, sannan a busa masa tururi mai zafin da ya haura digiri 240, wanda ke ƙone sauran karotin ƙurmus. A loda farin man a jirgi daga Asiya, a kawo shi nahiyar da itacen ya fito. Sannan doka ta ce a ƙara masa bitamin A na masana'anta kafin a sayar, kamar yadda Najeriya ta wajabta tun farkon shekarun 2000, ƙasashen da ke amfani da sefa ma suka fito da tambarinsu na kayan da aka inganta. Dokar mai kyau ce, kuma masu tacewa na da hujjarsu, tunda wankakken mai ya fi jure ajiya, ba ya canza ɗanɗanon biskit ko taliya. Duk da haka kuɗi biyu ake biya, na cirewa da na mayarwa, kuma man da ake aunawa a buɗe da ludayi cikin rana, babu mai tabbatar wa mai saye cewa abin da aka ƙara yana nan. Manja ba maganin komai ba ne, kusan rabinsa kitse ne mai daskarewa, babba mai hawan jini ba zai mai da shi ruwan sha ba. Amma ƙaramin cokali ɗaya a rana ya ishi ƙaramin yaro bitamin A ɗin da yake buƙata, kuma da yake karotin ɗin narke yake a cikin mai, hanji ya fi saurin ɗaukarsa fiye da na ganye.

Yanzu da masu saye suka san ja shi ne alamar nagarta, sai jan ma ya sami ƴan jabu. A 2015 hukumar kula da abinci da magunguna ta Gana ta auna manjan da ake sayarwa a kasuwannin Akara da kewaye, ta tarar mafi yawansa an zuba masa wani rini da ake kira Sudan IV, wanda ake rina man takalmi da kakin zuma da shi, ake kuma zargin yana jawo ciwon daji. Rinin ba ya ƙara wa jiki komai, ido kawai yake ruɗa. Gurɓataccen mai ko wanda aka surka, in an ɗiga masa, sai ya fi na gaskiya kyan gani.

Sauran wankin kuwa a madafinmu ake yin sa. Mata da yawa, in za su yi miyar dage-dage ko dafa-duka, sukan ɗora manja a wuta su bar shi ya yi ta hayaƙi har a riƙa tari a tsakar gida, sai ya koma fari-fari sannan a jefa albasa, wai don a kashe gafinsa. Aikin da matatar Malesiya ke yi da tururi shi tukunyar ke yi a cikin waɗannan mintoci. A miyar ganye da faten wake da alala, inda ake zuba shi ya narke kawai ba tare da ya ƙone ba, mafi yawan karotin ɗin na isa cikin kwano.